Dalilin Da Ya Sa Tamra Ba Za Ta Bi Ki Zariya Ba

Unguwar Shifa, Riyad.

Zuwa ga Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, duk da bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki, har ina jin yadda kike jan akwati a ƙasa kamar mai faɗa da shi. Allah ya kai ki Zariya lafiya jibi, ya tsare ki a sama ya tsare ki a ƙasa, ya sa karatun likitan nan da za ki ya zama alheri gare ki da duk wanda zai faɗo hannunki.

Yau kwana huɗu ke nan kina gaishe ni da Larabci. Ai na san ki. Tun kina ƙarama, da zarar kin yi fushi da ni sai Hausarki ta ɓace, ki tsaya bakin ƙofar kicin ki ce "sabahul khair" a bushe, kamar wadda ta zo karɓar iƙama, takardar zama, a ofis. Kuma na san dalili. Kin je kasuwar Utaiƙa kin sayo kwandon tafiya, kin sa Abbanki ya baro aikinsa a Birnin Masana'antu yana yawon neman takardar likitan dabbobi, duk don ki tafi da kyanwarki Tamra gidan Gwaggo Rabi. Ni kuma na ce khalas, magana ta ƙare, ba za ta je ba. Kika ce, "Umma, saboda me?" Na ce, "Saboda na ce." Wannan ba amsa ba ce, na sani. Ke 'yar fari ce, kuma mu yadda aka tashe mu, uwa ba ta zama gaban 'yar fari ta zazzage mata cikinta. Shi ya sa na ɗauki biro. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka ki zauna ki karanta har ƙarshe, kada ki tsallake.

Kin tuna shekarar da kuka tafi gida hutu ke da Abbanki, kina 'yar shekara tara? Ni ba a ba ni hutu a asibiti ba, sai muka zauna ni da ƙanwarki Walida, tana rarrafe a lokacin. A watan nan na sayi majalisi, kujerun ƙasan nan na Larabawa, ruwan zuma, da labulensa mai dacewa. Shekara biyu ina hango shi a kasuwa ina haɗiyar yawu. Ina so ranar Juma'a idan matan 'yan uwanmu na Najeriya suka zo, su ce kai, Sista ta gyara falo. Sati biyu kacal ya yi a gidan lafiya. Na dawo daga aiki na tarar da Tamra ta tsaya a kusurwarsa da ƙafa biyu tana wasa faratanta, soso ya fito waje, zare yana lilo, ita kuwa tana ta lumshe ido don daɗi. Uwani, na yi ihun da maƙwabciyarmu ta ƙasa ta hayo da gudu tana zaton gobara ce.

Washegari a ɗakin shan shayi na asibiti ina ta masifa, sai wata Baturiya abokiyar aikina ta ce a ƙasarsu wannan ba matsala ba ce, cire faratan ake yi gaba ɗaya a huta. Ta ce akwai likitan dabbobin da ke yi wa Turawan da ke zaune a nan. Ban kwana biyu ba, ban tambayi kowa ba, ban jira Abbanki ya bugo waya ba. Washegari ni da Baturiyar muna cikin motar da ke ɗaukarsu ita da 'yan ƙasarsu, Tamra na cikin kwali a kan cinyata tana kuka.

To ga magana ta farko. Zuciyarki irin tawa ce, kada ki ce a'a, kowa a gidan nan shaida ne. Abin da za a iya gyarawa gobe, ki yi shi cikin fushi in kin ga dama, ki fasa kofi, ki buga ƙofa. Amma abin da in an yi shi ba ya dawowa, ki ba shi kwana uku. Ki ci abinci, ki yi barci, ki yi salla a kansa. Da na ba majalisin nan kwana uku, da na tuna falon yana da ƙofa. Ƙofa kawai zan rufe, Uwani. Ƙofa!

Da likitan ya tambaye ni dalili, ban ce masa kujera ba. Ce masa na yi ina da jaririya, kyanwar ta yakushe ta. Kuma gaskiya ne ta yakushe ta, a bayan hannu, ranar da Walida ta kama mata wutsiya ta ja da ƙarfinta. Ɗan layi ne ja, na shafa magani, kwana uku ya ɓace, ban ma ƙara tunawa da shi ba sai da na buƙace shi. Amma kin ga "don jaririya" ya fi "don kujera" daɗin faɗa. Na yi ta maimaita shi har ni kaina na yarda. Wannan shi ne abu na biyu da nake so ki kiyaye: idan za ki yi wa wani abin da zai cutar da shi, kuma kika ji dalilinki yana da kyau sosai, ki ɗaga shi ki duba ƙarƙashinsa. Sau da yawa akwai wani ƙaramin dalili mara kunya a kwance, kuma shi ne na gaskiyar.

Yanzu zan faɗa miki abin da ko Abbanki bai sani ba. Ba a waje na jira ba. Don tsabar iyayi na ce wa likitan ni ma ma'aikaciyar ɗakin tiyata ce, shekara goma sha biyu ina miƙa almakashi, ya bar ni in shiga. Ya ce bismillah. Wurin tsaf, kayan aiki a dafe suna ƙyalli, ya yi mata allurar barci, ta yi laushi. Na ji ni a gida. Na sa safar hannu na riƙe masa ƙafarta ta dama.

Ba farce ake yankewa ba, 'yata. Farcen kyanwa a jikin ƙashi yake tsiro, in ana so kada ya dawo, sai an cire ƙashin. Ki dubi yatsanki, ki dubi gaɓar ƙarshe da farcen yake kai. Nan ake datsewa. Sau goma, biyar a kowace ƙafar gaba. Da ya datse na farko na ji ƙarar, na san ƙarar nan, domin na sha jin ta a wurin aikina. Sai dai mu a can ba ma cire yatsan mutum sai ya ruɓe, sai an yi magani an gaji, sai barinsa zai kashe mai shi. Wannan kuwa lafiyayyen yatsa ne, ruwan hoda, babu abin da ya yi sai aikin da Allah ya halitta shi dominsa. A take na gane. Saura tara a lokacin, kuma bakina yana nan, ba a ɗinke shi ba. Amma Baturiyar na tsaye a gefe, likitan na aikinsa cikin natsuwa, sai na ji kunyar a ce baƙar matar nan ta tsorata, ba ta waye ba. Ni da nake yi wa manyan likitoci tsawa in sun manta wanke hannu, ranar na yi gum, na miƙa masa ƙafar hagu.

Ke likita za ki zama in Allah ya yarda, wuƙa za a danƙa miki, don haka ki ji wannan da kyau. Tsabtar ɗaki da allurar barci ba sa mayar da yanka ya zama magani. Kafin ki yanka ki tambayi kanki, wa zai ji daɗin wannan aikin, wanda ke kwance ko wanda ya kawo shi? In wanda ke kwance ba ya da baki, jariri ne, ko tsoho, ko dabba, to ki tambaya sau biyu. In kuma kika ga ana ɓarna a gabanki, ki yi magana tun a yatsa na farko, ko waye a ɗakin, ko wace irin fata gare shi. Kunya tana da kyau a gaban surukai. A ɗakin tiyata ba ta da wurin zama.

Na kawo ta gida da bandeji a ƙafa biyu. Da ta farfaɗo ta yunƙura za ta tashi, ta taka, ta janye, ta sake takawa, ta dube ni. Mutum in an yi masa aiki a ƙafa ya kwanta a kawo masa komai, ita kuwa a kan ciwon za ta yi tafiya. Akwatin yashin da take zagayawa a ciki ta ƙi shiga, don yashin yana sukar mata ciwo. To ina za ta nemi wuri mai laushi? Majalisi! Wallahi dariya da kuka suka haɗu mini. Kafin ku dawo, majalisin da na yi wannan aika-aikar dominsa wari yake, na wanke, na shanya a rufin gida, na zuba turaren wuta har na gaji, ƙarshe muka fitar da shi bola. Kin sha tambayata ina kujerun da kika gani a hoton da na aika muku. To yau kin ji inda suka tafi.

Kuma daga nan ta fara cizo. Kina ce mata mafaɗaciya, kina cewa ta ɗauko halin Umma. A'a. Da can in an dame ta sai ta ɗan kai hannu ta yi gargaɗi. Da aka raba ta da gargaɗin, haƙori kaɗai ya rage mata. Shekara biyu bayan haka na shiga gidan wata mata 'yar Nijar, matar wani ɗalibin ilimi, na ga kyanwarta da faratanta cif, kujerunta lafiya lau. Guntun katako kawai ta naɗe da tsohuwar darduma ta jingina a lungu, nan kyanwar ke wasa farcenta, kuma lokaci lokaci takan rage mata tsinin da abin yankan farce. Matar nan ko firamare ba ta gama ba. Na fito daga gidanta kaina a ƙasa.

To mu koma waccan shekarar. Sai kuka dawo daga hutu. Ko takalmi ba ki cire ba kika ɗauke ta, kika matsa tafin ƙafarta yadda kika saba don farcen ya leƙo. Shiru. Kika sake matsawa. Kika ce, "Umma, ina faratanta?" A lokacin kina da giɓi, haƙoranki biyu na gefe sun fita. Na dubi bakinki, sai ƙaryar ta zo mini da kanta. Na ce, "Ai kyanwa ma tana famfara, zubewa suka yi kamar haƙoranki." Kika ce, "Za su sake fitowa?" Na ce, "In sha Allahu." Astagfirullah, har sunan Allah na sa a ciki. Duk Juma'a idan Abbanki ya zauna yanke farce kafin masallaci, sai ki ɗauko ta ki duba ko sun tsiro. Naki haƙoran suka fito, nata shiru. Abbanki ya ja ni gefe ya ce, "Hajiya, ramin ƙarya ƙurarre ne fa." Na ce ya bar ni da yarinyata. Da kika girma kika fara karatun jikin dabbobi a makaranta, kika dawo da tambayar, sai na sake ɗinka wata: wai ciwo ne ya kama yatsun, dole likita ya cire. Kika dube ni. Har yau ban san ko kin yarda ba.

Amma wanda ya fi ci mini rai shi ne ranar dabino. Kina shekara goma sha ɗaya, lokacin sanyi, bayan la'asar. Kika ce Tamra ta gaji da zaman ɗaki, kika sauka da ita filin bayan gida ta sha iska. Ina kicin ina hango ku ta taga. Ƙattin kyanwoyin nan na bakin bola guda biyu suka taso mata. Ta yi abin da kowace kyanwa za ta yi, ta ruga bishiyar dabinon nan ta daka tsalle ta rungume ta. Sai ta zame ta faɗo. Ta sake tsalle, ta sake zamewa. Ba ta san babu ba, jikinta bai taɓa yarda babu ba. Na sauko ko abaya ban ɗauka ba, na tarar da ke a tsakiyarsu kina dukansu da takalmi, hannunki duk jini, kunnenta ya tsage. Ni na ɗinke kunnen nan a kan teburin cin abinci.

Kuma me na ce miki? "Wa ya aike ki? Wa ya ce ki fitar da ita? Kin ga abin da kika ja mata!" Kika fashe da kuka kina cewa laifinki ne, laifinki ne. Kwana biyu ba ki ci abincin kirki ba. Ni kuwa na san wadda ta zamar da ita daga bishiyar nan, amma na bar 'yar shekara goma sha ɗaya ta ɗauki kayan. Har bara na ji kina ba wata ƙawarki labarin kunnen kina cewa, "Ni na ja mata." Ba ke ba ce, Uwani. Ba ke ba ce ko kaɗan. Ke ce ma kika shiga tsakani da ɗan takalminki. Ki sauke wannan kayan yau, nawa ne.

Idan kika yi kuskure a wurin aiki, kuma za ki yi, akwai na ƙasa da ke a kusa kullum: nas, ɗaliba, mai shara, ko majinyacin da za a ce bai bi umarni ba. Ɗora musu yana da sauƙi, ba za su iya musu ba. Kada ki yi. Ki ce ni ce, tun a ranar. In ya kwana yana ƙara nauyi, ni ga shi na kai shekaru ina jan nawa.

To yanzu ki dubi gidan Gwaggo Rabi da idon basira. Tsakar gida ce a buɗe, katanga gajera, kyanwoyin unguwa na tsallakowa dare da rana, maƙwabta suna da kare. Kyanwar can in an biyo ta sai ta haye katanga ko darbejiya, shi ke nan ta tsira. Tamra ina za ta hau? Ga tsufa, kin ga yadda take tsayawa ta yi nazari kafin ta sauko daga gado, ƙafafun nan suna mata ciwo in an yi sanyi. Ke kuma kina aji tun safe, wani lokaci ki kwana a asibiti. Gwaggonki kuwa, Allah ya ƙara mata lafiya, ki je ki ce mata ga kyanwar da ba ta kama ɓera, a faranti ake ba ta abinci, kuma a ɗaki take kwana. Ina jin salatin da za ta yi tun daga nan. Ko ta kore ta tsakar gida, ko ke ki kulle ta a ɗaki cikin zafin bazara babu mukayyif mai sanyaya mata. Kin san abin da malamai suka karantar da mu a kan matar da ta kulle kyanwa. Ni dai alhakin da na ɗauka ya ishe mu, ba sai kin ƙara naki ba.

Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wannan karon ba hangen nesa ba ne, kada ki ba ni girman da ban cancanta ba. Na san ba za ta iya rayuwa a can ba ne saboda ni na riƙe ƙafar.

Ga alkawarina. Tamra tana hannuna. Ni da kika sani ina korarta daga kicin da tsintsiya, ni zan dafa mata kazarta, in sa mata tsumma mai laushi, in ɗora mata matashi a gindin gado don ta riƙa sauka a hankali. Abbanki ya riga ya fara tsokanata wai zai ga yadda za mu ƙare, tsofaffi biyu masu cizo a gida ɗaya. Duk wata zan sa a ɗauke ta hoto in haɗa miki da kaset. In kwangilarmu ta ƙare tana raye, a kan cinyata za ta hau jirgi, kuma duk gidan da muka sauka za a yi mata ɗakin da kare ba ya shiga. In kuma kwananta ya ƙare a nan, ba zan ce miki ta ɓata ba, ba zan ce tana lafiya ba. Zan faɗa miki a ranar. Ni na raba ta da abin kare kanta, to ni zan tsaya mata har iyakar ranta.

In wata rana kin yi gidanki kika ɗauko kyanwa, don na san za ki ɗauko, ki bar ta yadda aka halicce ta. In kujera ta fi miki, ki zauna da kujerarki, babu wanda ya tilasta miki kiwo.

Sauran nasihar kin sha jin ta har kin haddace. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki kwana cikin gidan sauro don jininki bai san zazzaɓin gida ba, ki durƙusa in za ki gaida Gwaggo, kuma in 'yan ajinku suka yi wa Hausarki dariya ki taya su, wata uku za ta miƙe. Allah ya tsare mini ke daga sharrin hanya da sharrin mutane da sharrin zuciya. Allah ya sa hannunki ya zama mai sauƙi a kan marasa lafiya, ya hana shi taɓa abin da bai kamata ba. Ya haɗa ki da abokai nagari, ya dawo mana da ke lafiya. Allah ya yi miki albarka, albarkar da ba ta yankewa.

Zan tura wannan takarda ta ƙarƙashin ƙofarki in koma kicin, ina soya miki dambun naman tafiya. Ita Tamra ba ta da bakin da za ta ce ta yafe, wannan tsakanina da Ubangijina ne, kuma kullum ina roƙo. Ke kuwa kina da baki. Ban ce dole ba, uwa ma tana laifi, kuma nawa babba ne. Saura safiya biyu ki tafi. In kin yafe mini, gobe ki tsaya bakin ƙofar kicin ki ce, "Umma, ina kwana." In kuma da saura, ki yi Larabcinki, zan amsa.

Wassalam,
Ummanki.